Idan mai gadi ya juya wa gida: cutar lufus da abin da binciken garkuwar jiki ya cimma

Mace ce mai shekara ashirin da 'yan kai. Zazzaɓi ya ƙi sakinta, yatsu da gwiwoyi suna ciwo, gashi yana bin mataji, ga wata gajiya da barci ba ya kawarwa. An yi mata maganin maleriya sau uku, an yi na taifod, an duba ko sikila ce tunda jininta ya yi ƙasa. A gida an fara cewa sanyi ne, wasu har sun kai ga zancen sammu. Sai ranar da ƙafafu suka kumbura, fitsari ya koma yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, sannan wani likita ya ce a gwada lufus. Haka wannan cuta ta saba shigowa, cikin rigar cututtukan da muka sani, kuma sau da yawa kafin a kira sunanta ta riga ta taɓa ƙoda.

Lufus ɗaya ce daga cikin cututtuka fiye da tamanin da tushensu guda: garkuwar jiki, wadda aikinta korar baƙo, ta juyo ta afka wa mai ita. A ciwon sukari nau'i na ɗaya tana lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. A wani nau'in amosanin gaɓɓai tana cin shimfiɗar gaɓa. A lufus kuwa ba ta da zaɓi: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda, huhu, zuciya, har ƙwaƙwalwa. Wani babban nazari da aka buga a 2023, wanda ya duba bayanan mutum miliyan 22 a Birtaniya, ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana da ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka guda 19. A lufus, tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa. Na zaɓi in tsaya kanta ne saboda babu cutar da ta fi ta nuna yadda aikin ɗakin gwaje-gwaje yake isa gadon majinyaci, da kuma inda yake maƙalewa a hanya.

Likitoci sun daɗe ba su yarda hakan na iya faruwa ba. A farkon ƙarni na ashirin masanin Jamus Paul Ehrlich ya yi bayanin cewa jiki yana da hanyoyin hana kansa yi wa kansa guba, sai na bayansa suka ɗauki maganar a matsayin ba zai taɓa yiwuwa ba. A 1956 aka rushe wannan fahimta daga wurare biyu. A Buffalo ta Amurka, Noel Rose da Ernest Witebsky sun sa garkuwar zomaye ta afka wa ƙullin maƙogwaronsu, a Landan kuma Deborah Doniach da Ivan Roitt suka gano irin wannan farmaki a jinin mutane masu cutar Hashimoto, wadda ke kama wannan ƙulli.

Abin da aka fahimta daga baya shi ne, jiki yana ƙera sojojinsa ne barkatai. Ƙwayoyin B da ƙwayoyin T, wato wasu rukunai biyu na fararen ƙwayoyin jini, suna fitowa miliyoyi, kowace da irin abin da take iya ganewa, kuma dole a cikinsu a sami waɗanda abin da suke ganewa naman gida ne. Akwai tankaɗe na farko a ɓargo da kuma wani ɗan ƙulli da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ake kashe mafi yawansu. Amma wasu suna tsallake rariya. Me ke tsare su? A 1995 Shimon Sakaguchi na Japan ya nuna akwai wani rukuni na ƙwayoyin T da aikinsu kawai tsawatar wa 'yan'uwansu. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP3, wadda idan ta lalace jariri kan zo duniya garkuwarsa tana cin jikinsa ta ko'ina. Bayan shekara biyu Sakaguchi ya haɗa biyun: wannan ƙwayar gado ita ke tafiyar da masu tsawatarwar. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

A lufus, abin da garkuwa ta ɗauka abokin gaba shi ne kayan da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta, har da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Kullum biliyoyin ƙwayoyin jikinmu suna mutuwa ana kwashe su shiru. Idan kwashewar ta yi rauni, ko zafin rana ya kashe na fata da yawa lokaci guda, sai tarkacen ya taru, garkuwa ta ɗauka ƙwayar cuta ce ta shigo. Ƙwayoyin B su fara ƙera antibodi, wato furotin ɗin da ke kama abokin gaba. Antibodin ya kama tarkacen su dunƙule, jini ya kwashe su ya jibge a matatar ƙoda, wuta ta tashi a can.

Gane cutar ya dogara ne kacokan kan wannan ilimi, kuma a nan nake ganin an fi yin kuskure. A 1948 Malcolm Hargraves na asibitin Mayo ya lura da wani abu a ɓargon masu lufus: farar ƙwayar jini ta haɗiye cibiyar wata ƙwayar. Wannan shi ne gwajin farko. Bayan kamar shekara goma aka samo wanda ya gaje shi, wanda ake kira ANA. Ana ɗiga ruwan jinin majinyaci a kan ƙwayoyin halitta da aka shimfiɗa a gilashi, a zuba wani rini mai ƙyalli, a duba ta madubin likita. Idan akwai antibodin da ke kama cibiya, sai ta haska kore. Sannan a riƙa sirka jinin, kashi ɗaya cikin 40, cikin 80, cikin 160, har sai hasken ya ɓace. Yawan sirkin da ya jure shi ne ƙarfin sakamakon.

Kusan duk mai lufus gwajin ANA yana nunawa a jininsa. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin Turai da Amurka suka fitar a 2019 suka mai da shi ƙofar shiga, daga sirkin 1 cikin 80 zuwa sama. Amma kuma yana nunawa a jinin masu lafiya garau. Wani nazari na 1997 ya samu cewa a sirkin 1 cikin 40, kusan mutum uku cikin goma na masu lafiya suna nunawa, a 1 cikin 160 kuma biyar cikin ɗari. Ma'ana, idan gwajin bai nuna ba, da wuya lufus ce. Idan ya nuna, bai ce komai ba tukuna. Ina jin takaicin ganin an miƙa wa mace takarda an ce mata tana da lufus don kawai ANA ya nuna, alhali babu wata alama a jikinta, ta koma gida da fargabar da ba ta da tushe, wani lokaci har da maganin da zai cutar da ita.

Abin da ke tabbatarwa shi ne haɗuwar alamu da gwaje-gwajen da suka fi tsantseni. Antibodin da ke kama DNA mai igiya biyu, da wanda ake kira Sm, da wuya a same su a wanda ba shi da lufus. Na farkon yakan hau idan cutar ta motsa, musamman a ƙoda, a daidai lokacin da wasu furotin na jini masu suna C3 da C4 suke sauka saboda ana cinye su a faɗan. Likitan da ke bin waɗannan lambobi yakan hango hadari tun bai haɗu ba. Akwai kuma wani rukunin antibodi da Graham Hughes ya bayyana illarsa a Landan a 1983, wanda ke sa jini daskarewa a jijiya, ya kuma jawo ɓari a kai a kai. Matar da ta yi ɓari sau uku, ko ɗa ya mutu a cikinta ba dalili, ta cancanci wannan gwaji, domin da ƙaramin asfirin da allurar hefarin mata da yawa sun kai cikinsu ga haihuwa lafiya.

Wani bincike da aka buga a 2003 ya sauya yadda ake kallon lokacin fara cutar. Rundunar sojan Amurka tana ajiye jinin dakarunta a daskare. Masu bincike suka nemo mutum 130 da lufus ta kama, suka koma kan jinin da aka ɗiba tun suna lafiya. Kashi 88 cikin ɗari suna da antibodin tun kafin a gane cutar, wasu fiye da shekara tara kafin nan. Ashe gara ta daɗe tana ci kafin bango ya tsage.

Ta fuskar magani, tafiyar ta fara ne da guduma. A 1948 Philip Hench ya yi wa wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Dangin wannan magani, irin su firednisolon, har yau su ne ake fara ɗauka idan cutar ta taso da ƙarfi, kuma sun ceci rayuka ba adadi. A shekarun 1950 kusan rabin masu lufus ne kawai ke wuce shekara huɗu bayan an gane ta. Yanzu a ƙasashe masu hali fiye da tara cikin goma suna wuce shekara goma. Sai dai wannan magani ba ya tambayar wane soja ne ya yi laifi, duka yake kwantarwa. Idan aka daɗe a kansa da yawa sai hawan jini, ciwon sukari, kumburin fuska, yanar ido, da mutuwar ƙashin ƙugu. Garin gyaran gira a rasa ido. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a kemis ɗinmu ana sayar da shi ba takardar likita, har ana shan ɗan'uwansa dekzametazon don neman ƙiba. Mai ciwon gaɓoɓi ta saya ta ji sauƙi, alamun su ɓuya, ƙoda ta ci gaba da lalacewa. Kuma wanda ya daɗe yana sha, idan ya yanke lokaci guda, yana iya faɗuwa magashiyyan saboda jikinsa, wanda da ma yake ƙera irin wannan sinadari da kansa, ya daina ƙera nasa.

Maganin da ya zama ginshiƙi kuwa tsohon sananne ne a wurinmu. A yaƙin duniya na biyu an lura cewa sojojin da ke shan maganin rigakafin maleriya, masu ƙuraje da ciwon gaɓoɓi a cikinsu suna samun sauƙi. Daga nan aka kai ga haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sha muna yara. An yi shekaru ana ba da shi ba a san yadda yake aiki ba, sai bincike ya nuna yana dakushe na'urorin da ke cikin ƙwayoyin garkuwa masu jin ƙanshin DNA da RNA su buga ƙararrawa. Ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, TLR7, ƙwayar gadonta tana kan sandar gado ta X, wadda mace ke da biyu namiji ɗaya, kuma wannan yana cikin dalilan da ake ganin sun sa cutar ta fi kama mata. A wani gwaji na Kanada a 1991, waɗanda aka janye wa maganin cutarsu ta motsa ninki biyu da rabi fiye da waɗanda suka ci gaba da sha. Ana shan sa har da juna biyu. Sharaɗinsa kada a wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, kuma a riƙa duba ido.

Saiti na gaskiya ya samu ne bayan 1975, lokacin da Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a ƙera antibodi iri ɗaya tak a ɗakin gwaji, mai kama abu guda da aka nuna masa. Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka gano cewa a gaɓar mai amosani akwai wani ɗan saƙo mai suna TNF da ke kan gaba wajen hura wutar. A 1992 suka gwada toshe shi a majinyata 20, sakamakon ya ba kowa mamaki, kuma daga nan aka sami jerin magungunan da suka hana miliyoyin mutane nakasa. Amma TNF ɗin nan shi ne kuma ke danne ƙwayar tarin fuka da ke kwance a jiki. A 2001 aka ba da rahoton mutum 70 da tarin ya tashi musu bayan shan maganin. A ƙasa irin Nijeriya, wadda ke cikin masu fama da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, ba a isa a fara irin waɗannan magunguna ba sai an gwada biyun.

Lufus ta fi taurin kai. Rituksimab, wanda ke share ƙwayoyin B daga jini, ya kasa cin manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi masa, duk da likitoci na amfani da shi idan sauran sun gaza. Sai a 2011 aka amince da belimumab, mai hana ƙwayoyin B wani abincin da suke rayuwa da shi, kuma shi ne sabon maganin lufus na farko cikin fiye da shekara hamsin. A 2021 aka ƙara anifurolumab, wanda ya samo asali daga abin da aka gano a 2003, cewa jinin yawancin masu lufus yana nuna alamar intaferon, wani ɗan saƙo da garkuwa ke saki don yaƙar bairos, kamar jikin da ke yaƙi da ƙwayar cutar bairos ba dare ba rana.

A wannan shekara ta 2021 ne aka yi abin da har yanzu ake ta magana a kai. A asibitin jami'ar Erlangen da ke Jamus, Georg Schett da Andreas Mackensen suna da majinyaciya mai shekara 20 wadda lufus ta kama ƙoda da zuciya da huhunta, kuma duk maganin da ake da shi ya gaza. Suka aro dabara daga masu maganin sankarar jini, wadda ake kira CAR-T. Ana tace ƙwayoyin T daga jinin majinyaci, a dasa musu wata ƙwayar gado da za ta sa su gane tambarin CD19 da ke jikin ƙwayoyin B, a hayayyafa su kamar mako biyu, a ba majinyacin magani mai ƙarfi don share musu wuri, sannan a mayar masa da su. Da ɗan gari akan ci gari: su rayayyu ne, suna kutsawa cikin ƙoda da kaluluwa inda ake ganin rituksimab ba ya kaiwa sosai, su farauto ƙwayoyin B har maɓoyarsu.

Abin da ya fi jan hankalina ba sharewar ba ce, dawowar ce. Bayan kamar wata uku zuwa huɗu ɓargo ya sake fito da ƙwayoyin B, amma sabbi ne fil, ba su ɗauke da tsohuwar gabar, kuma cutar ba ta biyo su ba. Kariyar alluran rigakafin da aka yi tun da kuma galibinta ta tsira, saboda tsofaffin ƙwayoyin da ke riƙe da ita ba su da tambarin CD19. A 2022 suka ba da rahoton mutum biyar, a farkon 2024 kuma mutum 15, takwas daga cikinsu masu lufus, kuma dukkansu sun ajiye magungunan danne garkuwa.

Ina murna da wannan ƙwarai, amma mutum 15 ba taro ba ne, kuma ba a kwatanta su da wani rukuni da aka yi wa magani na daban ba. Maganin share wuri yana buɗe ƙofa ga cututtuka, su kansu ƙwayoyin T ɗin da aka mayar na iya tayar da zazzaɓi mai haɗari, kuma a Janairun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a sa gargaɗin yiwuwar sankarar ƙwayoyin T a kan irin waɗannan magunguna. Ga kuɗi: na farko da aka amince da shi don sankara a 2017 an sa masa dala 475,000.

To, ina mu a cikin wannan duka? A 1968 wani likita Baturen Ingila, Brian Greenwood, wanda ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya yi shekaru a Zariya, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a majinyatan da ya duba, ya kuma kawo tunanin cewa wataƙila maleriya da sauran cututtukan da muke fama da su ne ke sauya halin garkuwarmu. Tambaya ce mai kyau a kimiyyance. Sai dai ta rikiɗe ta zama abin da ake maimaitawa a aji, cewa lufus ba cutar Afirka ba ce, alhali a Amurka da Birtaniya mata baƙar fata sun fi farare kamuwa da ita ninki biyu ko fiye, kuma ta fi yi musu tsanani. Da aka sami ƙwararrun wannan fanni a gida, irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas, suka fara gwaji suna rubutawa, sai ga masu cutar suna fitowa. Likitan da aka koya wa cewa abu babu shi ba zai neme shi ba. Hatta hotunan littattafan likitanci ba su taimaka ba: jan tabon nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ake nunawa a kumatun Bature, a fatarmu yakan fito ne da duhu ko ruwan toka, wani lokaci kuma tabo ne fari-fari a kunne ko a ka inda gashi ba ya sake tsirowa.

Akwai wani dalilin da ya sa jinkiri ya fi mana tsada. A 2010 aka gano wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yaɗu a Afirka ta Yamma, ana ganin saboda suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ƙodarsa ta fi saurin gazawa idan wata cuta ta taɓa ta, kuma intaferon, wanda lufus ke tayarwa, yana ƙara yawan furotin ɗin da wannan ƙwayar gado ke samarwa a ƙoda. Kusan rabin masu lufus cutar kan kai ga ƙodarsu, kuma a farko ba ta ciwo, ba ta ba da wata alama da majinyaci zai ji.

Shi ya sa a ganina, daga cikin duk abin da shekara saba'in na bincike suka haifar, wanda ya fi kusa da ceton matar da muka fara da ita ba ya Erlangen. Ɗan tsinken gwajin fitsari ne, irin wanda ake tsoma wa masu awon ciki, wanda ke nuna furotin ko jini cikin minti biyu kuma akwai shi har a ƙananan asibitoci. Budurwa ko matar aure da zazzaɓinta ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon gaɓoɓi, ga zubar gashi ko gyambon baki ko ƙarancin jini, a tsoma mata shi ranar, a auna hawan jininta, a ƙirga ƙwayoyin jininta, a tura jinin gwajin ANA ko da sai an kai shi wani gari. Idan ta tabbata lufus ce, a ɗora ta kan haidiroksikulorokwin, a gaya mata ta guji zafin rana, kada ta ɗauki ciki sai cutar ta lafa aƙalla wata shida kuma an sauya mata magungunan da ke illa ga ɗan tayi, sannan a riƙa maimaita gwajin fitsarin duk zuwan da za ta yi asibiti.